Na tura tsofaffin sulallan kakanmu waje an ba su maki, ga yanda ta kaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun kwanaki nake cewa zan zauna in rubuta wannan abu amma aikin gona bai bar ni ba, sai yanzu da muka ɗaure gero muka zuba a rumbu na ɗan samu kaina. Duk wanda ya shigo zaurenmu yaga 'yan robobin nan guda uku masu tsohon kuɗi a ciki sai ya tambaya wannan meye, waye ya rufe su haka, nawa aka kashe, da riba ko babu. Na gaji da maimaita wa mutum ɗaya ɗaya shi yasa nace bari in faɗe shi gaba ɗaya, musamman da nasan a ƙauyukanmu na Jigawa da Kano gidaje da yawa akwai irin wannan kuɗin a ƙasan adudu ko cikin tsohon gwangwani, kuma ana cutar mutane a kansu ba kaɗan ba.

Mu a ƙasar Ringim muke. Damunar 2022 kowa yasan abinda ruwa yayi mana, gidajen ƙasa da yawa sun kwanta, ciki har da tsohon ɗakin kakanmu Allah ya jiƙansa, wanda dama an daɗe ba'a kwana a ciki sai ajiyar tarkace. Da ruwa ya janye muna kwashe ƙasar wajen don mu sake buga tubali, sai digar ƙanena ta daki wani abu, ashe ɗan ƙaramin tulu ne an toshe bakinsa da tsumma an shafe da laka. Muna buɗewa sai ga sulalla. Kwabbai masu huji da aninai an zura su a zare kamar carbi, zaren ya ruɓe kana taɓawa yana zubewa, sai kuma wani ƙullin tsumma daban mai sulai da fataka a ciki. Baffa yana gani yayi shiru, can yace kuɗin gyaɗa ne, tsoho yana kai gyaɗa tashar jirgin ƙasa zamanin fuloti, kuma lokacin waye yasan banki a nan, ƙasa ita ce bankin kowa. Yaran gida ko sunayen basu sani ba sai da Baffa ya zauna yana lissafa musu, anini goma kwabo ɗaya, ɗari rabin kwabo, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, kwabo goma sha biyu sule, sule biyu fataka, sule ashirin fam guda. Wannan lissafin ya mutu ne ranar 1 ga Janairu 1973 da naira da kobo suka shigo, amma na tulun nan sun ma girmi kuɗin Tarayyar Najeriya na 1959, na zamanin Turawa ne, yawancinsu hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ce take sa a bugo su a Ingila, ana kashewa nan da Gana da Saliyo da Gambiya.

Toh labari baya ɓuya a ƙauye. Kafin sati ya zagayo mutane sun fara sallama. Wani ya zo a babur daga birni ya baje su a tabarma yana cewa duk tarkace ne ba mai saye, amma ina kallon hannunsa yana ware wasu gefe guda a hankali, yace zai taimaka mana ya kwashe duka a kuɗin da bai kai na akuya ba. Wani kuma yace kwabo mai huji ɗaya miliyoyi ne, yana da Bature a Legas, sai dai mu fara bada kuɗin rajista. Wani ma cewa yayi akwai wani sinadari wai shi makuri a cikinsu, wai a gwada a ga ko suna jan shinkafa. Don Allah duk wanda aka zo masa da zancen makurin nan ko kuɗin rajista ya riƙe aljihunsa, ƙarfe ne kawai, ba komai a ciki. Amma abinda ya tsaya min a rai a satin nan shine duk wanda zai faɗa maka darajar kayanka shine kuma mai son saye. A kasuwar Gujungu ranar Lahadi in ka kai sa, ko dillali ya so ya danne ka akwai mutum goma a gefe da zasu buɗe bakin san su duba haƙori su faɗa maka gaskiya. Tsohon kuɗi fa, waye zai duba maka a nan?

Kafin in kai ga wanda zai duba, nayi ɓarnar da har yau in na tuna raina yana ɓaci. Sulai da fataka na cikin ƙullin duk sun yi baƙi, wasu har da wani shuɗi shuɗi a gefe, sai na zauna da daddare da toka da lemon tsami da soso na dirje su tas har suna ɗaukar ido, ina jin daɗi wai na gyara kayan tsoho. Washegari na kira yayana ɗan Baffa da yake aiki a Ingila ta bidiyon WhatsApp in nuna masa. Yana gani yace innalillahi, wanke su kayi? Nace eh Yaya ai sun yi dauɗa ne. Yayi shiru kaɗan sannan yace ƙanena wannan baƙin da ka cire shi masu tara kuɗin suke nema, ka bar sauran haka kar ka ƙara taɓa ko ɗaya, ko ruwa kar ka sa musu. Garin gyaran gira na rasa ido kenan. Allah ya sa kwabban da aninan ban kai kansu ba.

Shi ne ya fara min bayanin kamfanonin da aikinsu kenan, su ba masu saye ba, ba masu sayarwa ba, kai ka aika musu sulenka ka biya ladan dubawa, su tabbatar na gaske ne ko jabu, su ba shi maki gwargwadon lafiyarsa, su rufe shi a cikin roba mai tauri da takarda a sama mai ɗauke da ƙasa da shekara da maki da wata lamba tasa shi kaɗai. Manyan guda biyu duk na Amurka ne, PCGS da aka kafa a 1986 a Kalifoniya, da NGC da aka kafa a 1987 wanda yanzu hedkwatarsa take Sarasota a jihar Fulorida, kuma dukkansu suna da ofisoshi a Turai da Hong Kong da Shanghai. Akwai wanda ya girme su, ANACS, tun 1972, shi da farko takardar shaida mai hoto yake bayarwa, matsalar ita ce takarda daban sule daban, mugu zai iya musanya sulen ya bar takardar. Rufewa a robar da bata buɗuwa sai an fasa ita ce dabarar da ta canza kasuwar. Kafin nan abinda ke faruwa a can shine irin wanda ya faru a tabarmarmu, dila in zai saya yace sulen ya shafe, in zai sayar yace sabo ne fil. Da robar ta zo sai ya zama mutum yana Landan zai sayi sule a hannun wanda ke Tokiyo bai taɓa riƙe shi ba, abinda mu zamu kira cinikin biri a sama, amma da shaidar na uku a tsakani. Baffa da nake masa bayani yace ai kamar malamin da ke duba auduga a da ne, yace wannan lamba ɗaya wannan lamba biyu. Nace haka ne Baffa, sai dai su lambarsu har saba'in take kaiwa.

Makin daga 1 zuwa 70 ne, wani likita Ba'amurke William Sheldon ya ƙirƙiro shi a 1949 don tsofaffin kwabban Amurka, daga baya aka shimfiɗa shi a kan kowane kuɗi. 1 shine wanda ya shafe da ƙyar zaka gane ko meye. Daga 20 zuwa 35 suna sa VF, ya sha hannu amma zanen yana nan. 40 da 45 XF, gogewar kaɗan ce a wuraren da suka fi tudu. 50 zuwa 58 AU, saura ƙiris ya zama sabo. Daga 60 zuwa 70 kuma MS, wato bai taɓa shiga kasuwa ba, yanda ya fito daga gidan bugawa haka yake, 70 ɗin shine wanda ko an sa gilashi mai ƙara girma sau biyar ba'a ganin tabo. In kuma sulen na gaske ne amma an masa lahani, an wanke ko an huda ko tsatsa ta ci, basa ba shi lamba sam, sai su rubuta kalmar Details da sunan lahanin, kuma wannan kalma ɗaya tana zubar da farashi sosai. Masu dubawar basa sanin sulen waye a gabansu, lamba kawai suke gani, kuma ba mutum ɗaya ke yanke hukunci ba. Sannan suna da alƙawarin cewa in daga baya ta tabbata abinda suka rufe jabu ne zasu biya. Wannan alƙawarin shine ainihin abinda mutum yake saya da kuɗinsa, robar kanta ba komai bace.

Ba kai tsaye ake tura musu ba, sai kana da rajista da su ko ka bi ta hannun dilan da suka amince da shi. Mu ta dila muka bi, a can Ingila, ya kai wa ɗaya daga cikin manyan. Yaya ya zo babbar sallar 2023, da zai koma muka zaɓi guda biyar, kowanne muka naɗe shi a takardarsa daban. Kwabon 1936, fataka ɗaya daga cikin waɗanda na wanke, wani anini fari mara nauyi, sai abu biyu da ba na tulun ba, sisin gwal ɗin Goggo, da dalar azurfar Inna, amaryar kakanmu, ita kaɗai ta rage a matansa. Da ƙyar Inna ta yarda ta cire ta daga zarenta, tace in dai zata dawo. Nace zata dawo Inna in sha Allahu.

Maganar kuɗi kuwa gaskiya abin ya ci. Akwai ladan duba kowane ɗaya, kuma yana hawa ne gwargwadon darajar da ka rubuta a fom, ga ladan dila, ga kuɗin aikawa da dawowa, ga inshora, duk da fam ɗin Ingila, kuma daidai lokacin ne aka saki naira a watan Yuni 2023 ta dinga zubewa, abinda muka lissafa ranar da Yaya ya tafi ba shi muka biya ba. In na haɗa duka ya haura kuɗin buhun gero uku a lokacin. Jira kuma kusan wata biyar kafin su iso hannuna, wani ɓangaren laifin layi ne a kamfanin, wani kuma jiran mai tahowa gida ne don ban yarda a sako su ta gidan waya ba. Duk ranar Juma'a in naje gaida Inna sai tace ina dalata, ni kuma ba amsa.

Kwabon 1936 shine wanda mutumin babur ya fara warewa, kuma shine na sa wa rai. Yana ɗauke da sunan Sarki Edwad na takwas, wanda ya hau a Janairun 1936 yayi murabus a Disambar shekarar saboda matar da yake son aura, a Ingila kanta ba'a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma mu nan an riga an bugo mana kwabo da ɗari da anini, tunda su ba hoton sarki a jikinsu, huji ne a tsakiya da kambi da suna, ɗaya gefen tauraro mai tsini shida, ga darajar an rubuta har da haruffan Larabci. Namu yana da ƙaramin harafin H, alamar gidan bugawa na Heaton a Birmingham. Ya dawo da MS 63. Naji daɗi ƙwarai, ashe tsoho sabo ya karɓe shi ya zura a zare bai taɓa kashewa ba. Sai dai kamfanonin suna da wani lissafi a shafinsu na intanet, kyauta, da ke nuna guda nawa suka taɓa dubawa na kowane iri da makin da kowanne ya samu, da na duba sai naga irin nawa da waɗanda suka fi shi maki suna da yawa, dalili kuwa an buga su miliyoyi kuma mutane sun ɓoye su tun a lokacin saboda labarin sarkin. Farashin da ake sayar da irinsa a gwanjo da ƙyar zai mayar da abinda na kashe a kansa. Nan na fahimci maki daban, ƙarancin abu daban. Sule zai iya zama lafiya lau kuma ba tsada.

Aninin nan fari na 1907 ne, na gorar ruwa wato alminiyam, in ka ɗora a tafin hannu kamar ɓawon gyaɗa. Yana cikin kuɗin alminiyam na farko farko da aka fara kashewa a duniya, kuma basu daɗe ba, a 1908 aka koma farin ƙarfe saboda suna saurin lalacewa. Namu ma haka, sun ce na gaske ne amma ya ciwu, Details. Ban ji haushi ba, shekara ɗari da wani abu, kuma a ƙarƙashin ƙasa.

Fatakar ce ta sa ni zama shiru. Ta 1916 ce, kan Sarki Joji na biyar da kambi a gefe ɗaya, bishiyar kwakwa a ɗayan, azurfa ce mai kyau don daga 1913 zuwa 1919 kashi 925 cikin 1000 ake yinsu, sai a 1920 da azurfa tayi tsada aka rage sannan aka koma jan gami mai kama da tagulla, shi yasa tsofaffi suke ɓoye farar su kashe jar. Ta dawo da AU Details, an wanke. Wato da ban taɓa ta ba da ta samu lamba tsakanin 50 da 58. Da farko nace ya akayi suka sani, ai ni a idona tafi kyau yanzu. Yaya yace in fita rana in karkata ta a hankali in duba filin da ke gaban fuskar sarkin. Na fita bakin zaure da hantsi na karkata, sai ga wasu siraran zane kamar gashi, ɗaruruwa, duk sun bi hanya ɗaya, hanyar da hannuna ya bi da soso. Sabon sule yana da wani sheƙi da yake zagayawa in kana juya shi, daga matsar injin bugawa yake samuwa, a fatar sama kawai yake, toka da tsami suna cinye shi kuma baya dawowa har abada. Tawa tana ƙyalli amma ƙyallin a tsaye yake kamar na sabon kwano. A nan na sallama musu, sun ga abinda nayi a cikin ɗakina da daddare ba tare da kowa ya faɗa musu ba. Kuma ba guda ɗaya na wanke ba, ƙullin gaba ɗaya ne.

Sisin gwal ɗin Goggo shi ko roba bai samu ba, a 'yar leda ya dawo da takardar cewa ba bugun gidan kuɗi bane, kuma ladan dubawa ba'a mayar ba. Daga Makka ta zo da shi shekaru da yawa, yana da kan sarki da mahayin doki kamar fam ɗin zinaren Ingila. Na asalin giram 7.98 ne karat 22, amma masu shagunan gwal a ƙasashen Larabawa sun daɗe suna buga masu kama da shi don ado da ajiya, yawanci karat 21. Goggo hankalinta ya tashi tace ɗan nan cuta ta akayi? Nace a'a Goggo bari mu gani. Na kai wa masu gwal a birni suka goga suka auna suka ce gwal ne, karat 21, kuɗinsa na nauyinsa yana nan. Toh ga masu karɓar sisin gwal a sadaki ko masu ajiye shi, in dai don nauyin zinare ne sikelin mai gwal ya ishe ku, ba sai kun kai ko'ina ba. Sai in wani yace muku na asali ne na shekara kaza don haka ku ƙara kuɗi, a nan ne shaidar kamfani take da amfani.

Abubuwan da basu min daɗi ba a aikin nasu ma bari in faɗa. Ka biya wannan kuɗin ka jira watanni, amsar da zaka samu kalma biyu ce a kan 'yar takarda, ba wanda zai zaunar da kai ya nuna maka ga inda matsalar take, da ba don Yaya ba da har yau bansan me suka gani a fatakar ba. Sannan makin nan da ake rubutawa kamar awon sikeli, ido ne na ɗan Adam, ido ba mudu bane amma yasan kima, sai dai kimar wannan da ta wancan takan bambanta da lamba ɗaya, kuma a manyan sulalla lamba ɗayan nan tana iya ninka farashi. Shi yasa a can akwai masu fasa roba su sake turawa ko Allah zai sa a ƙara musu, har ta kai a 2007 aka buɗe wani kamfani CAC da ya fara da duba makin da waɗancan suka bayar, in ya yarda ya manna koren sitika. Kaga mai duba ma an samo masa mai duba shi. Robar kanta ma ana yin jabunta, don haka in wani ya nuna maka sule a roba a Facebook kar robar ta ruɗe ka, karɓi lambar da ke jiki ka shigar a shafin kamfanin, bayanin zai fito, sau da yawa har da hoto, ka gwada tabo da tabo da wanda ake nuna maka.

Babbar matsalar mu ta nan kuwa ita ce kasuwar robar bata nan. Na shiga da kwabon kasuwar Kurmi wajen masu kayan da, wani dattijo ya karɓa ya juya gaba ya juya baya yace Malam wannan ba'a buɗewa ne? Nace ba'a buɗewa Alhaji. Yace toh ni ya zanyi in ji nauyinsa, ya miƙo min, ya nuna min kwano cike da kwabbai masu huji yace duk ɗaya ne a wajensa. Kuma ba laifinsa bane, masu sayensa basa tambayar maki. Wanda zai biya kuɗin MS 63 yana waje, kai kuma kafin ka kai gare shi sai ka sake biyan aikawa da la'adar gwanjo. Don haka wanda yake da kwabban da suka sha hannu irin na 1940 da wani abu ko na 1959, ko kobo 25 mai dalar gyaɗa na 1973, wallahi kar ya sayar da hatsinsa ya tura, ladan dubawa zai ninka kuɗin sulen sau da yawa. Ka ɗauki hoton gaba da baya da rana, ka duba shekara da ɗan harafin gidan bugawa, H ko KN ko SA, ka nemi farashin da aka riga aka sayar da irinsa ba wanda wani ya rubuta yana fata ba. In ka ga abin yana da nauyi sosai, ko kana shakkar jabu ne a abu mai tsada, ko magada zasu raba kuma kowa yana zargin kowa, toh a nan kuɗin dubawa ya halatta. Kuma kafin a fita da duk wani kayan tarihi a tambayi hukumar gidajen tarihi, suna nan Gidan Makama a Kano, su ke da hurumin izini. Sauran na gida a riƙe su ta gefe, a naɗe a takarda, a guji ledar nan mai laushi don tana sa musu kore, a ajiye inda ba laima. Ko masu robar ma ba'a barinsu a rana ko a ɗaki mai yoyo.

Dalar Inna na bari ƙarshe. Babba ce mai nauyi, giram 28 da ɗoriya, azurfa kashi 833 cikin 1000, hoton Mariya Tereza sarauniyar Ostiriya a gaba, mikiya mai kai biyu a baya, an rubuta 1780. Mutumin babur ma da ya hango ta a wuyan Inna sai da ya tambaya. Ni kaina na ɗauka shekararta ɗari biyu da arba'in. Ashe 1780 shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma tun daga nan duk wadda aka buga wannan shekarar ake sa mata, saboda 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da ƙasashenmu ita suka sani ita suka yarda da ita, an buga ta a Viyana da Landan da Rum da Faris har da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi. Fatake ne suke shigo da ita ƙasar Hausa tun ana ciniki da wuri, maƙeran farfaru suna narka ta suyi mundaye da zobba, mata suna ratayawa. Ta Inna an huda ta a sama, gefen hujin ya sule yayi santsi saboda zare, fuskar sarauniyar ta shafe rabi. Takardar ta ce bugun baya ce ba ta 1780 ba, Details, an huda. Gaskiya suka faɗa, ba ƙarya ko ɗaya a ciki, a kasuwarsu kuɗinta bai wuce na azurfarta da kaɗan ba. Amma hujin da suka rubuta a matsayin lahani mahaifiyar Inna ce ta sa maƙeri yayi shi, da ita aka kai ta ɗakin miji, ita kuma ta ɗaura wa Inna ranar da za'a kawo ta gidanmu, shafewar fuskar kuma ƙirjin mata biyu ne ya shafe ta. Ba gurbin wannan a takardarsu, kuma ban ce dole su sa ba, ba shi aka biya su su duba ba.

Da na kai mata ta karɓi robar ta daɗe tana kallo, ta ƙwanƙwasa da farce, ta kai kusa da ido, tace ɗan nan waye ya kulle min ita? Nayi mata bayani iya yina, nace Turawa sun tabbatar azurfa ce ta gaske Inna. Tace dama wa yace musu ta ƙarya ce, buɗe min abata. Nace in an buɗe kuɗin da aka biya ya tafi. Tace kai ka biya, ni ban aike ka ba.

Washegari da safe na naɗe robar a tsumma na sa filaya a kusurwa na matsa a hankali har ta tsage, na zaro dalar ta gefe ban bari ƙarfe ya taɓa ta ba. Inna ta riga ta murza sabon baƙin zare tana jira a bakin ƙofa, ta zura da kanta duk da idon ya yi rauni, sau uku tana kuskure hujin, ta ɗaura ta tura cikin riga. 'Yar takardar mai lamba na saka ta cikin littafin da nake rubuta awon gona, sauran ukun kuma suna cikin akwatin ƙarfe a zaure tare da tulun.